Masu Ƙirga Agwagi a Bakin Kogin Severn

Babu kogin da ya kai Severn tsawo a Birtaniya. Daga tsaunukan Wales yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita 354 kafin ya buɗe baki ya haɗu da teku a kudu maso yammacin Ingila. A wannan mahaɗar ruwa ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu a rana teku takan turo shi ya hauro, sau biyu ya janye, kuma a ranakun babbar cikowa tazarar da ke tsakanin cika da janyewa takan kai mita 14 a wasu sassan, abin da wurare ƙalilan ne a duniya suke da irinsa. In ruwan ya koma sai ya bar filin laka iya ganinka, cike da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi. A bayan lakar akwai makiyaya mai gajeriyar ciyawa wadda ruwan gishiri ke shafa lokaci-lokaci, a bayanta kuma kududdufai da dogayen ciyayin fadama. Wannan shimfiɗa ita ke ciyar da dubban tsuntsayen da sanyi ke korowa daga arewacin Rasha da ƙasashen arewacin Turai, inda tun watan Oktoba ƙanƙara take fara rufe ruwa da ƙasa.

A watan Disamba rana ba ta fitowa a can sai bayan ƙarfe takwas, kafin ƙarfe huɗu na yamma kuma ta kama hanyar faɗuwa. Iskar da ke tasowa daga kan ruwa tana sa yatsu su sandare har mutum ya kasa riƙe alƙalami. Duk da haka a irin wannan lokaci ne bakin kogin ya fi samun baƙi. Za ka ga tsofaffin da suka yi ritaya, da malaman makaranta, da direbobi, da uwa riƙe da hannun ɗanta, kowa ya duƙunƙune cikin rigunan sanyi da madubin hangen nesa rataye a wuya. Wanda ya san aikin ba ya fita sai ya duba jadawalin cikowar teku, domin in ruwa ya janye tsuntsayen suna can nesa a kan laka, sai dai ka hango ɗige-ɗige. Yayin da ruwan ke haurowa yakan koro su sannu a hankali zuwa gaɓa, har su taru a 'yan wuraren da suka rage a bushe. Sa'a ɗaya ko biyu kafin ruwan ya cika, lokacin ne mai kallo yake so ya riga ya zauna.

Inda yake zama wani ɗan ɗaki ne na katako, da benci a ciki, da siririyar taga kwance a jikin bango. Ba a ɗaga murya, ba a miƙa hannu ta tagar. Ladabin wurin yana da dalili: agwagwar da aka firgita ta tashi sama a tsakiyar sanyi ta ƙona kitsen da ta yi wuni tana tarawa, in kuma aka yi ta tayar da ita sau da yawa, daren sanyi ɗaya ya isa ya kashe ta. Maharbinmu da ke ɗaura kan burtu ya sunkuya yana takawa a hankali ya san wannan ilimin na kusantar tsuntsu ba tare da ya ankara ba. Bambancin kawai abin da kowannensu yake komawa gida da shi.

Agwagi da dinyoyi ba su da wuyar gani, tunda a fili suke kiwo. Tsuntsayen cikin ciyayi ne ke gwada haƙurin mutum. Akwai wani zalɓe mai launin busasshiyar ciyawa wanda in ya ji motsi sai ya miƙe wuya, ya ɗaga baki sama, ya tsaya cik, ya saje da karan da ke kewaye da shi. Mutum na iya zuba ido a kansa minti goma bai gan shi ba. Akwai wata 'yar kazar ruwa mai jan baki wadda an fi jin kukanta fiye da ganinta, sai ranar da ƙanƙara ta daskarar da kududdufi yunwa ta fito da ita fili. Shi ya sa masu wannan sha'awa suke murna da safiyar da ta fi kowace sanyi. Wani lokaci kuma sai ka ga dubban tsuntsaye sun tashi lokaci guda, sama ta yi duhu. Gwani ba ya bin su da kallo, sai ya ɗaga kai sama da su yana neman shahon da ya jawo tashin.

Duk wannan abin sha'awa ne, amma da iyakarsa ke nan da ban ɗauki alƙalami a kai ba. Abin da ya kama hankalina shi ne ɗan littafin da ke cikin aljihun yawancinsu, da abin da wannan littafin ya zama bayan shekaru kusan 80.

Labarin ya faro ne da Peter Scott, ɗan Kyaftin Robert Falcon Scott wanda ya mutu a kan ƙanƙarar Antatika a 1912 yana dawowa daga ƙuryar kudancin duniya. Peter yana ɗan shekara biyu a lokacin. A wasiƙar da uban ya bar wa matarsa ya roƙe ta ta cusa wa yaron son halittu. Yaron ya tashi ya zama mai zane, ya kuma zama riƙaƙƙen maharbin agwagi da dinyoyi, irin masu kwana a cikin laka suna jiran ketowar alfijir. A Disambar 1945, bayan ya dawo daga yaƙin duniya na biyu, ya je wani ƙauye mai suna Slimbridge a gaɓar Severn, ya laɓe a wani tsohon ɗakin siminti na sojoji yana duba garken dinyoyi kusan 2,000 ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu ya tsinto guda biyu na wani ƙaramin nau'i da ba a cika gani a Birtaniya ba. A shekarar da ta biyo, 1946, ya kafa ƙungiyar kula da tsuntsayen ruwa a wannan wurin, wadda yau ake kira WWT. Daga baya ya ajiye bindiga gaba ɗaya. Yana cikin waɗanda suka kafa asusun kare namun daji na duniya, WWF, a 1961, ya rasu a 1989. Ina son a riƙe cewa maharbi ne. Idon da ya iya ware tsuntsu biyu daga cikin dubu biyu a wajen farauta ya samo shi.

A gaban tagar gidansa akwai wani ɗan tafki. A farkon 1964 wasu manyan fararen tsuntsaye masu dogon wuya, dangin dinya, waɗanda Turawa ke kira suwan, suka fara sauka a kansa. Nau'in da ake kira Bewick ne, mai yin ƙwai a filayen ƙanƙara na arewacin Rasha, ya yi tafiyar kimanin kilomita 3,500 zuwa yammacin Turai kowace shekara. Scott ya lura cewa bakin kowane ɗaya yana da zanen rawaya da baƙi wanda ba ya kama da na wani. Sai shi da iyalinsa, musamman 'yarsa Dafila, suka shiga zana bakin kowane tsuntsu ta gaba da ta gefe biyu, suna raɗa masa suna, suna rubuta ranar zuwansa da ranar tafiyarsa da wanda ya zo tare da shi. Kamar yadda Bafulatani yake sanin kowace saniya a garkensa da sunanta da uwarta da kakarta, haka ma'aikatan Slimbridge suka san waɗannan tsuntsaye, sai dai su nasu garken yakan ɓace musu wata bakwai a shekara, ya tafi wata ƙasa mai nisa. An ci gaba da wannan aiki har yau, kuma tsuntsayen da aka rubuta sun haura 10,000.

Abin da littafin ya bayyana ba zai taɓa fitowa daga kallon shekara ɗaya ko biyar ba. An gano cewa namiji da mace sukan zauna tare har mutuwa ta raba. A 2010, da aka ga wasu ma'aurata sun dawo kowanne da sabon abokin zama alhali duka suna raye, sai da jaridu suka buga, domin karo na biyu ke nan da aka taɓa ganin haka a cikin shekaru sama da 40. An gano cewa 'ya'ya suna bin iyayensu a tafiyar farko, a nan suke koyon hanya da wuraren yada zango, su kuma su koya wa nasu. An ga waɗanda suka haura shekara 25 suna zuwa tafki ɗaya. Tunda kuma 'ya'yan shekarar farko launin toka gare su, mai ƙirga a Ingila yana iya sanin ko an yi kyakkyawar ƙyanƙyasa a Rasha ta hanyar lissafa masu toka a cikin farare.

Sannan littafin ya fara kawo labari mara daɗi. A lokacin sanyin 1978 zuwa 1979 an ƙirga fiye da 600 a Slimbridge. A 'yan shekarun nan ba sa kai 200. Wani ɓangare na dalilin shi ne sanyin Turai ya yi sauƙi, tsuntsayen suna tsayawa a Jamus da ƙasashen da ke gabas, ba sa buƙatar ƙarasowa. Da a Slimbridge kaɗai ake ƙirga da sai a ce ai sun canja masauki ne kawai. Amma ana ƙirga su a Holan da Jamus da Denmak a ranaku ɗaya, kuma jimillar ta nuna cewa daga kimanin 29,000 a 1995 sun sauko zuwa kimanin 18,000 a 2010. Ke nan akwai masu canja masauki, akwai kuma masu mutuwa. Da aka riƙa kama wasu ana ɗaukar hoton cikin jikinsu irin na asibiti, sai aka tarar kusan ɗaya cikin uku yana yawo da ƙwayoyin harsashi a cikin namansa, alhali doka ta hana harbinsu a duk ƙasashen da suke ratsawa.

Akwai wata mutuwar da ta fi wannan ɓoyuwa. Harsashin bindigar harbin tsuntsaye yana ɗauke da ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma, 'yan kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran su zube cikin laka. Agwagwa ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ta taya ƙundunta niƙa abinci. In ta tsinci ƙwayar dalma a matsayin tsakuwa, ƙundun ya niƙe ta, gubar ta shiga jini. Sai tsuntsun ya rame, wuyansa ya lanƙwashe, ya shige cikin ciyawa ya mutu inda ba mai gani. Gawawwakin da masu kallo suka riƙa tsinta suna kai wa likitocin dabbobi, shekara da shekaru, suna cikin hujjojin da suka sa Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma a 1991, Ingila ta hana amfani da ita a kan wasu fadamu a 1999, Tarayyar Turai kuma ta bi sahu a 2023.

Slimbridge wuri ɗaya ne. Tun 1947 aka fara ƙirga tsuntsayen ruwa a faɗin Birtaniya, kuma yau mutane wajen 3,000 ne ke yin wannan aiki ba tare da ana biyansu ko sisi ba. Kowa yana da yankinsa: wani kwanar kogi, wani tafki, wani guntun gaɓa. Ana sa rana ɗaya a wata, yawanci Lahadi, kowa ya fita a ranar, don kada agwagin da aka ƙirga a nan jiya a sake ƙirga su a can yau. In garke ya yi yawa sai mutum ya ƙirga goma, ya auna girman goman da ido, ya riƙa ɗora wannan ma'aunin a kan sauran. Ƙa'idar da na fi girmamawa ita ce ta ranar da ba a ga komai ba. Mutum ya sha sanyi sa'a biyu, kududdufin fayau, to dole ya rubuta sifili ya aika. Wanda ya ce ai ba abin rubutawa ya ɓata lissafin, domin bayan shekara 30 ba wanda zai iya bambance ranar da tsuntsaye ba su zo ba da ranar da mai ƙirga bai zo ba.

Daga 1967 aka faɗaɗa abin ya zama ƙirgar duniya, a tsakiyar watan Janairu na kowace shekara. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar kare fadamu a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairun 1971, waɗannan alƙaluman ne suka zama ma'auni. Fadamar da take ɗaukar tsuntsayen ruwa 20,000 a kai a kai, ko kashi 1 cikin 100 na wani nau'i, ta cancanci shiga jerin wurare masu muhimmanci ga duniya. Bakin Severn ya shiga jerin a 1995. Ma'ana, abin da wani tsoho ya rubuta da sandararrun yatsu ranar Lahadi shi ne lauya zai ɗauka ya shiga kotu da shi ranar da wani kamfani ya so cike fadamar.

Kada a ɗauka alƙaluma kullum suna yin nasara. A Cardiff, babban birnin Wales, a ɗaya gefen wannan bakin kogin, an gina madatsa a 1999 wadda ta mai da filin laka tafkin shaƙatawa, duk da an san adadin tsuntsayen da ke kiwo a wurin. Masu gini sun ce tsuntsayen za su koma wani wuri. Masu bincike sun riga sun sa wa wani tsuntsun laka mai jajayen ƙafafu zobba a ƙafa, suka bi sawunsa bayan an rufe madatsar, suka tarar waɗanda aka kora sun rame kuma mutuwarsu ta ƙaru. Ba a rushe madatsar ba. Abin da aka samu shi ne sabuwar fadama da aka ƙirƙira kusa da Newport a matsayin diyya, da kuma hujja a rubuce wadda duk mai son ya ce ai za su koma wani wuri sai ya fara amsa ta.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa mu da wannan? Tsuntsayen da kansu sun haɗa mu. A bazarar 1969 masu ƙirga a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke cika shingayen gonakinsu kowace shekara, bai dawo ba. Fiye da kashi 2 cikin 3 sun ɓace a shekara guda. Wani ɗan tsuntsun fadama da wata tsattsewar gaɓar kogi su ma sun ragu. Ba abin da ya canja a Ingila. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa waɗannan tsuntsaye a ƙasashenmu suke cin hunturu, daga Senegal har bakin Tafkin Chadi, kuma damunar 1968 ta gaza a yankin. Farin da ya kai ga yunwar 1973, wadda har yau dattawan Damagaram da Daura da Gumel suke ba da labarinta, ya bayyana a littafin masu kallon tsuntsaye a Ingila shekaru kafin manyan hukumomin duniya su farga.

Har yanzu kuma suna zuwa. In hunturu ya kama, fadamar Haɗeja da Nguru takan cika da baƙi daga Turai da Siberiya: agwagwa mai dogon wutsiya irin wadda ake kallo a Severn, da wata ƙarama mai farar gira, da dubban tsuntsayen laka masu dogayen ƙafafu da ke bin gonakin shinkafa. Suna tarar da 'yan gida, ƙirinjijiya da dinya da zalɓe da belbela. A shekarun 1990, lokacin da shirin kula da fadamar, wanda aka kafa a 1987, yake da ƙarfinsa, ƙirgar Janairu takan haura 200,000, a 1997 ma ta haura 300,000. Yarima Philip na Ingila ya je Dagona, wani sashe na fadamar, a 1989 don ya gani da idonsa. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a jerin Ramsar a 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Wannan fadama ta ga canji mai yawa. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi ta janye a kan lokaci ta ragu, sai ruwa mai tsiyaya duk shekara ya maye gurbinta, kachalla ta samu yadda take so ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya samu wurin kwana a cikinta ya riƙa afka wa gonaki. Masunci da manomin shinkafa da makiyayi duk sun ji a jikinsu. Tsuntsun ruwa yana bin abin da su ma suke bi, wato ruwa mara zurfi da ke zuwa ya tafi. Saboda haka adadin agwagi a Janairu ma'auni ne na lafiyar ambaliyar da ta gabata, kuma ma'auni ne mai arha, ba ya buƙatar inji. Akwai masu ƙoƙari, daga ma'aikatan gandun daji zuwa gidauniyar kare muhalli ta NCF da ɗaliban cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos. Sai dai yawancin irin wannan aiki a wurinmu yakan rayu ne muddin kuɗin wani shiri na waje yana zuwa. In shirin ya ƙare mota ta tsaya, littafi ya shiga kwali. Na Severn ya ɗore ne saboda masu yin sa mazauna wurin ne, kuma ba wanda zai iya dakatar da albashin da ba a taɓa biyansu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a Zamfara. A farkon 2010 agwagin gida suka fara mutuwa a ƙauyukan da ke ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Mutane sun gani. Daga baya, da jami'an lafiya suka zo suna tambaya, sun ba da labarin cewa agwagi sun ragu, amma a lokacin ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje suna ɗauke da dalma, ƙurar ta zauna a tsakar gida, agwagwa mai tsintar ƙasa ta riga kowa haɗiye ta, yara masu rarrafe suka biyo baya. Kafin ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa da hukumomi su gano musabbabin su shawo kansa, yara aƙalla 400 sun rasu a Dareta da 'Yargalma da Bagega da maƙwabtansu. Guba ɗaya ce da wadda ke kashe suwan a Severn, kuma ta hanyar ƙundu ɗaya ta fara nuna kanta. Ba ina cewa littafin ƙirga zai hana wannan musiba ba, talauci da tsadar zinare ne suka shigo da dutsen cikin gida. Amma da akwai wanda aikinsa ne ya lura da mutuwar agwagi, ya rubuta, ya san wanda zai kai wa, da wataƙila an samu makonni, kuma a irin wannan hali makonni rayuka ne.

Lura da tsuntsun da babu ba baƙon abu ba ne a tarbiyyarmu. Duk wanda ya yi karatun allo ya san ƙissar Annabi Sulaiman, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da ya binciki rundunar tsuntsaye ya tarar alhudahuda ba ya nan, ya tsaya neman dalili, kuma dalilin ya zo da labarin wata ƙasa sukutum. Manomi yana jiran shamuwa kafin ya gyara iri. Malamai suna lissafa kwanakin damuna da taurari. Sarkin ruwa a Argungu ko Gashuwa ya san watan da kowane kifi yake hawa da wanda kowace agwagwa take sauka. Ido muna da shi, kuma a ganina ya fi na yawancin masu rataye madubi a Ingila kaifi. Abin da ke faruwa shi ne ilimin yana zaune a kan mutum ɗaya, ranar da aka kai shi makwanci an tafi da shi. Dattawa za su gaya maka da gauraka tana yawo garke-garke a fadamu, yanzu yaro na iya girma bai taɓa jin kukanta ba. Gaskiya suka faɗa. Amma “da akwai, yanzu babu” ba ya gaya wa mai raba ruwan Tiga shekarar da abin ya juya, balle ya gane wane mataki ne ya jawo.

Na san abin da za a ce, kuma yana da nauyi. Mutumin da ke neman abin da zai kai bakin salati ba shi da Lahadin da zai ɓata yana kallon agwagwa. Manomin da tsuntsaye suka cinye wa shinkafa ba zai so jin ana yabonsu ba. Wasu fadamun ma ba a iya shiga saboda rashin tsaro. Ba na kuma ganin laifin maharbin da ya kamo dinya don miyar gidansa, wanda ya zuba guba a ruwa ya kwashi buhu-buhu ya kai kasuwa shi ne abin tsoro. Sai dai aikin da nake magana a kai ba ya neman hutu ko kuɗi irin na Turawa. Masunci yana kan ruwa kowace safiya ko da ba a aike shi ba. Abin da ya rage shi ne sa'a ɗaya a wata, a wuri ɗaya, da wanda zai rubuta.

Malamin kimiyya a wata sakandare a Nguru ko Haɗeja ko Yawuri zai iya zaɓar tsayin gaɓa ɗaya da ake iya tafiya da ƙafa daga makaranta, ya nemi tsohon maharbi ko masunci ya zama shi ne mai faɗar sunaye, ɗalibai su zama masu ƙirga. A rubuta kwanan wata, da lokaci, da inda ruwa ya tsaya a jikin wata bishiya ko ƙafar gada, da sunan kowane tsuntsu yadda mutanen wurin ke kiransa, da adadinsa, da boko ko da ajami. A rubuta gawar da aka tsinta. A rubuta sifili ranar da ba a ga komai ba. A fara daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da baƙin suke nan, a tabbata an fita a tsakiyar Janairu don adadin ya shiga ƙirgar duniya. A yi littafin kwafi biyu, ɗaya a makaranta ɗaya a gidan mai gari, a ɗauki hoton kowane shafi da waya, domin gara da canjin wurin aiki sun cinye littattafai da yawa a ƙasar nan. Shekaru biyar na farko ba za su nuna komai ba sai hawa da sauka, kuma a nan ne yawanci ake gajiya. Saboda haka tun ranar farko malamin ya san wanda zai miƙa wa littafin in an yi masa canji.